Sudaddiyar Taya a Hanyar Montiriyal

Kwanana tara da sauka a Kanada ƙanena ya shigo falo da hantsi yana murza hannuwa saboda sanyi, ya ce, "Yaya, tafiyar nan ta Montiriyal fa sai mun fara bi ta wurin masu taya." Ƙarshen watan Nuwamba ne. Wani abokinsa da suka yi karatu tare a Zariya aka yi wa haihuwa a can, suna ranar Asabar, kuma tun ina Kano aka saka ni cikin 'yan rakiya, wai ni ne babba, ni zan yi addu'a.

Muka sauka ƙarƙashin benen da suke haya a Mississauga, inda ake ajiye motoci. Motar Lexus RX 350 ce, baƙa wuluk, irin jif ɗin da in ka shiga gidan biki da ita a Kano maroƙa za su bar kowa su yo kanka. Na zagaya ta, na daddanna tayoyin da ƙafa kamar yadda muka saba, na ce, "Kai dai ka cika son kashe kuɗi. Wannan a gida ai sai ta ƙara shekara biyu a kan titi." Bai yi mini musu ba. Hannu ya sa a aljihu ya zaro tsabar dala biyu ta ƙasar, mai farin zobe a gefe da hoton beyar a tsakiya, ya cusa ta cikin zanen tayar gaba. Ya ce in taya sabuwa ce zanen zai haɗiye zoben har ya taɓo ƙafar dabbar. Na duƙa na duba. Ko rabin rubutun da ke bakin kuɗin bai rufe ba.

Shagon tayar da muka je ya tuna mini da shagon tela ana jibi Sallah. Motoci sun yi layi har bakin titi, kowa ya zo a cire masa tayoyin zafi a ɗaura na sanyi, ma'aikata na ta kai da komo, injin kwance noti na ta ƙara ba ƙaƙƙautawa. A can ciki akwai wani dogon ɗaki, tayoyi jibge hurhuɗu a kan kanta har rufi, kowane ɗauri da takardar mai shi. Ashe ajiya ce. Mutum ya biya a riƙe masa tayoyinsa wata shida, kamar mai ba da kiwo. Da ƙyar muka samu shiga, don ƙanena ya yi waya tun mako guda kafin nan.

Wanda ya karɓe mu dattijo ne mai furfura, hannunsa baƙi ƙirin da aiki. Bai tambaye mu wace taya muke so ba. Wani ɗan ma'auni kamar biro ya ciro ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce na gaba saura milimita 3, na baya 4. A doka sai zane ya sauka zuwa milimita 1.6 ake cewa taya ta mutu, amma ya ce wannan lissafin busasshen titi ne, kafin a kai nan ruwa da dusar ƙanƙara sun daɗe da fin ƙarfinta. Sannan ya goge gefen tayar da yatsa ya nuna mini wasu lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 3819. Mako na 38, shekarar 2019. Ranar haihuwarta ke nan, kuma duk tayar da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau tana ɗauke da irin wannan. Shekara talatin ina tuƙi, ina jin 'yan rod sefti na maganar taya mai ƙarewar wa'adi a rediyo, amma ban taɓa duƙawa na nemi lambar da idona ba sai ranar, a gaban baƙo, a ƙasar wasu.

Da ya ga na sa ido, sai ya karanta mini sauran rubutun kamar malami da ɗalibi. 235/55R20 102V. Faɗin tayar milimita 235. Tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin. Wilin inci 20. Lamba 102 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 850, harafin V kuma gudun kilomita 240 a awa. Ya ce duk abin da za mu zaɓa, kada ya gaza waɗannan biyun na ƙarshe, ko da kuwa ba mu da niyyar yin rabin wannan gudun, domin mota ce mai nauyin kusan tan biyu, ga mutane ga kaya, kuma da wannan ƙarfin aka gina ƙafarta. A nan ne ma na ji cewa motar da nake ta kira 'yar Japan a garin Cambridge ake haɗa irinta, tafiyar awa guda daga inda muke tsaye, tun 2003.

Sai na kawo shawarar gida. Na ce wa ƙanena da Hausa, "A sayi biyu a sa a gaba, na bayan su ƙara lallaɓawa." Ya fassara wa dattijon yana murmushi. Mutumin ya girgiza kai. Ya ce motar fowil ce, ƙafafu huɗun a haɗe suke aiki, in biyu sababbi ne biyu sun sude to zagayensu ba ɗaya ba ne, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta yi ta wahala tana zaton wata ƙafa na zamewa. Ya ƙara da wani abin da ya saɓa wa duk abin da na taso na tarar: ko a ƙaramar mota, in dole biyu za a saya, baya ake sa su. In gaba ya zame direba na da sitiyari a hannu, in baya ya kwashe kuwa sai dai salati. Na ja bakina na yi shiru.

Tayoyin da ke kan motar irin waɗanda Turawa ke kira all-season ne, wato na kowane yanayi, kuma da niyyar maye gurbinsu da irinsu ƙanena ya fito daga gida. Da su ake sayar da yawancin sababbin motoci a Amurka da Kanada. Kamfanin Goodyear ne ya fara fito da irinsu a 1977, da wata mai suna Tiempo, don a huta da sauya taya sau biyu a shekara. Suna da laushin tafiya, ba su da ƙara, suna daɗewa. A gefensu akwai haruffa M+S, laka da dusar ƙanƙara ke nan, sai dai wannan shaida ce ta fasalin zane kawai, ba wanda ya kai tayar kan ƙanƙara ya gwada ta kafin a buga mata. Matsalar tana cikin robar. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara sandarewa, kamar silifas ɗin da ya kwana a tsakar gida da hunturu, ta daina manne wa kwalta. Dattijon ya ce su a nan tayar yanayi uku suke ce mata.

Abin ya ba ni dariya, ya kuma tsaya mini a rai. Kowane yanayi, to yanayin wa? Mu ma muna da huɗu: bazara, damina, kaka, hunturu. Amma hunturunmu da muke ƙudundune da bargo muna jin wuta, safiyar da Kano ta sauka digiri 12 aka ce an yi jaura, su a wurinsu ranar fita shan iska ce. Wanda ya raɗa wa tayar suna ɗan kasuwa ne, kuma garin da yake zaune ya duba ya raɗa.

Zaɓi na biyu tayar hunturu ce zalla. Mutanen Finland ne suka fara yin ta, kamfanin Nokian, a 1934. Robarta taushi gare ta, in ka danna da farce sai ta lotsa, kuma duk jikin zanen tsage yake da ƙananan tsagu sirara masu cizon ƙanƙara. Dattijon bai ɓoye ba, ya ce in don tsira ne kaɗai babu kamarta. Amma ba ta son zafi ko kaɗan, in bazara ta shigo dole a cire. Ma'ana saiti biyu ke nan, taya takwas, kuɗin sauyi sau biyu a shekara, da kuɗin ajiya a wancan ɗakin kiwon, tunda mai zama a hawa na goma sha huɗu ba shi da zaure balle gareji. Ga tayoyin da ke kan motar sun riga sun mutu, ko ya sayi na hunturu yau, wata huɗu masu zuwa wasu huɗun na jiransa. Na ga ƙanena na lissafi da yatsu a cikin aljihu.

Sai mutumin ya mirgino ta uku. Zanenta kamar ƙashin kifi, ya tashi daga tsakiya ya baje gefe da gefe. Michelin CrossClimate 2. Ita all-weather ake ce wa irinta, suna kusan ɗaya da na farko har ya rikita mai saye, bambancin yana cikin wani ɗan tambari a gefe: dutse mai kai uku, da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Tun 1999 ake amfani da tambarin, kuma ba a buga shi sai taya ta ci jarrabawa a kan dusar ƙanƙara da aka daddaɓe, ta fi tayar gwaji riƙo da aƙalla kashi 10 cikin 100. Ana barinta a kan mota shekara cur. Kuma tambarin nan shi ne abin da lardin Kebek, inda za mu, yake nema. Can doka ce tun 2008: duk motar da ke da lambar lardin dole ta sa taya mai wannan shaida, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300. Motarmu lambar Ontariyo gare ta, dokar ba ta hau kanta ba. Dattijon ya ce haka ne, ɗan sanda zai duba lamba ya ƙyale ku, amma titin ba ya karatu.

Duk da haka ƙanena ya yi ta jan ƙafa, kuma na fahimce shi. Wanda ya sayi irin wannan motar shiru ya saya. Ka rufe ƙofa duniya ta ɗauke, ka yi magana ƙasa-ƙasa na baya ya ji ka. An gaya masa gaskiya cewa mai ƙashin kifin za ta ɗan fi gunji a kan babban titi, za ta iya ƙara shan mai kaɗan, kuma a kan sulɓin ƙanƙara mai kama da gilashi ba za ta kamo ƙafar ta hunturu zalla ba. Yana cikin wannan saƙa da warwara matarsa ta kira. Ita ce mai fita da motar da duku-duku ta kai yara makaranta ta wuce asibitin da take aiki. Ban ji abin da ta ce ba, amma maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ya kashe waya ya ce wa dattijon a sa mai tambarin dutse, huɗu.

Da kuɗin aiki, da balansin, da daidaita ƙafa, da harajin kashi 13 da ake ɗorawa a Ontariyo, lissafin ya haura dalar Kanada 1,500. Na fara juya shi zuwa naira a kaina, na kai rabi na ji jiri na bari. Da na ga yaron shagon na mirgina tsofaffin zuwa baya, bakina ya suɓuce na ce, "Waɗannan fa? Haka za a bar musu?" Ƙanena ya ce, "Yaya, a jaka za ka sa su?" A lardin doka ta ɗora wa kamfanonin taya alhakin kwashe tsofaffi a sarrafa su.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki hanya, mu biyar. Babbar hanya mai lamba 401 ce, wadda a kusa da filin jirgin Pearson take baje wa har layi goma sha takwas, motoci kamar an buɗe wa tururuwa rami. Daga Toronto zuwa Montiriyal kusan kilomita 540 ne, ya zarce Kano zuwa Abuja, amma babu shinge, babu rami, babu mai ɗaga maka hannu. Mun fi awa guda kafin mu kuɓuce wa cunkoson birni. Bayan Oshawa gari ya buɗe, gonaki sun bushe ƙayau, itatuwa tsirara, tafkin Ontariyo na leƙowa ta dama lokaci-lokaci, launin toka, ba a ganin ƙarshensa. A Colborne yaran suka yi ta ihu suna nuna mini wani ƙaton tuffa ja da aka gina a bakin hanya, ya fi ɗaki girma. Ni kuwa kunnena na kan taya. Akwai gunjin, ba ƙarya, wani siririn amo daga ƙasa in an kai ɗari da goma. Da aka kunna karatun Alƙur'ani a rediyon motar na daina jin sa.

Rana a can ba ta da haƙuri a wannan watan. Ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi. Muka tsaya a zangon matafiya na Odessa, dab da Kingston, muka haɗa Magariba da Isha a wani lungu kusa da ƙofa, muka sayi shayi a Tim Hortons. Muna fitowa na ji wani abu na sauka a fuskata, mara nauyi, kamar audugar rimi. Ƙaramar 'yar ta ce, "Baffa, ka buɗe baki ka ɗanɗana!" Karo na farko ke nan da na ga dusar ƙanƙara na zuba.

Kyanta bai wuce rabin awa ba. Tsakanin Gananoque da Brockville ta rufe titin ruf, fararen layukan suka ɓace, sai sawun motar gaba kawai muke bi. Fitila na haska ta tana tahowa kamar ana watsa gari a fanka. Gudu ya sauko sittin, ya sauko hamsin. Manyan motoci na wuce mu suna fesa mana taɓo mai gishiri a gilashi. A gefen dama muka wuce wata jif fara, sabuwa dal, ta juya ta kalli inda ta fito, gindinta cikin kwari, fitilunta na ƙiftawa, mai ita na tsaye yana waya. Ƙanena ya ce ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba, "Yawanci irin motocinmu ne ke faɗawa. Fowil na sa mutum ya tashi da ƙarfi, sai ya manta wajen tsayawa kowa birki huɗu gare shi."

Can gaba kaɗan jajayen fitilu suka kunnu a gabanmu gaba ɗaya. Ya taka birki. Na ji feda na kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, motar na gurnani, na dafe gaban mota ina innalillahi. Ta tafi, ta tafi, a miƙe, ba ta karkace ba, ta tsaya. Tsakaninmu da motar gaba bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ba wanda ya ce uffan. Sai matarsa daga baya ta ce, a hankali, "Yaya, da biyu aka saya ko?" Ashe labari ya je gida. Motar ta kaure da dariya, har da ni, ko da yake gwiwata ba ta daina rawa ba sai da muka wuce Cornwall.

Ba zan ce taya ce ta tsare mu ba, Allah ne ya tsare, kuma yaron ya bar tazara mai kyau. A kan wata gada ma da ruwa ya daskare, na ji bayan motar ya ɗan yi rawa kafin ya dawo, daidai abin da dattijon ya faɗa game da sulɓin ƙanƙara. Amma na ga zanen tsofaffin da idona, na kuma ga tazarar da ta rage.

Da muka shiga Kebek hanya ta koma lamba 20, allunan suka juye Faransanci, motocin share titi na tafe a jere da fitilu suna ture farin tudu gefe. Ƙarfe goma saura muka isa, tafiyar awa biyar da rabi ta ci takwas. Washegari aka yi suna, aka ci waina da miyan taushe a hawa na uku, taga na kallon titi fari fat. Da safen wata fitila ta kama a gaban direba, alamar iska ta ragu. Na ce shi ke nan, ƙusa. Ƙanena ya ce sanyi ne, duk saukar digiri biyar ko shida iskar taya kan ragu da kusan awo ɗaya. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata takarda manne a jikin ƙarfe, inda masu motar suka rubuta gejin da ya dace, talatin da 'yan kai. Na tuno mai facin unguwarmu, wanda in bai ɗura wa taya hamsin ba gani yake ya cuce ka.

Na dawo Kano cikin Janairu. Ban ko kwance jaka ba na ɗauki tocila na fita wurin tsohuwar Highlander ɗina. Tayoyin baya 'yan Beljiyam ne, na saye su a wani shago a bakin titi, mai shagon ya rantse mini zanensu ko rabi bai ci ba, kuma bai yi ƙarya ba. Mu da tayar gwanjo mun daɗe tare, musamman tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, duk da cewa tsohuwar tayar ƙananan motoci na cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su. Na goge ƙura na haska. Ga dutse mai kai uku, ga ƙwayar dusar ƙanƙara, ga tsagu sirara ko'ina a jikin zanen. Na danna da farce ta lotsa. Tayar hunturu ce zalla, lambarta 4514. Na nemi harafin jure zafi, A ko B ko C, wanda dattijon ya ce ɗan ƙasa mai zafi ya fara dubawa, babu shi, don irin wannan tayar ba a tilasta mata shi. Da ita na yi Kano zuwa Kaduna a watan Afrilu, rana na dukan digiri 40, kwalta na narkewa, da iyalina a ciki.

Wadda ƙanena ya ƙi a can, ta yanayi ukun, ita ce ta fi dacewa da mu nesa ba kusa ba, in an samu mai sabuwar lamba, mai harafin A, mai tsayin gefe da zai sha ramukanmu. Irinta na saya, huɗu, bayan na sa an juyo mini kowace na karanta makonta da shekararta, yaron shagon na kallona kamar na zo da sabon addini.

Tsofaffin na bar wa mai faci, na ce a yanka su a yi wa awaki mazubin ruwa. Ya ce an gama, Alhaji. Bayan kwana biyu na bi ta wurin da yamma, na gan su jingine a gaban rumfarsa, an wanke, an shafa musu baƙin mai suna ƙyalli, wani mai Sienna na tsugune yana taya su.